Wane irin kan jirgi ne ya fara shiga ƙasar Hausa, kuma mi ya hana Faransa ta aza muna dogo?

Ba'adaren Tawa:

Assalamu alaikum 'yan uwa, ina wuninku, ina gajiya. Don Allah masu sanin tarihi ku raba mu da wata gardama da ta ƙi ƙarewa ga fadarmu nan Tawa, tun da anka hwara maganar dogon Kano zuwa Maraɗi. Wani abokinmu ya ce jirgin hwarko da ya shigo ƙasar Hausa daga Ikko ya taso bisa ƙahwahunshi har Kano. Wani ya ce a'a, ta gulbi anka kawo shi guntu-guntu cikin jirgin ruwa sannan anka haɗa shi. Ni kuwa abin da nike son sani shi ne kan jirgin da kanshi, wato injin da ke jan taragun. Wane iri ne, wa ya ƙera shi, da mi shike aiki, itace ko gawayi ko mi? Don hotunan da muke gani ga intanet dut hayaƙi ne ke tashi, babu mai yi maka bayani.

Tambaya ta biyu ita ta hi ci mini rai. Senegal na da dogo tun zamanin Annasara, Mali na da shi, Gine, Kodebuwa, Burkina, Bini, kowa an aza mishi ko kaɗan ne, amma mu nan Nijar ko taku guda. Mi ya sa? Ƙiyayya ce ko kuwa akwai wani dalili da ba mu sani ba? Wanda ya sani shi taimaka, Allah shi biya.

Mushen Tarihi, Yamai:

Wa alaikumus salam ƙanena. Abokinka na biyu shi ya fi kusa da gaskiya, ta gulbi aka kawo su.

Injin farko da ya yi tafiya a arewacin Najeriya ma ba Kano ya nufa ba. A 1901, lokacin da Gwamna Lugga ke shirin mayar da mazauninsa Zungeru, sai aka ga jiragen ruwan da ke hawowa gulbin Kaduna ba su iya kaiwa garin, shi ne aka shimfiɗa wani ɗan siririn layi daga Wushishi zuwa Zungeru, shekarar da ta biyo aka ƙara shi zuwa Barijuko inda ruwa ya fi zurfi. Tsakanin ƙarfe da ƙarfe milimita 762 ne kawai, ka ga ko mita guda bai kai ba. Injunan da suka yi aiki a kansa kamfanin Hunslet na birnin Lids a Ingila ne ya ƙera su, ƙanana ne ƙwarai, ba su jan taragon ruwa a baya, tankin ruwan a jikinsu yake manne dama da hagu. Ɗaya daga cikinsu an ajiye shi a tashar jirgin Minna don tarihi. Da layin ya daina amfani ba a zubar da kayansa ba, an kwashe an kai sabon layin da aka ja daga Zariya zuwa Jos da Bukuru saboda kuza, shi ma mai faɗin 762, wanda ya yi aiki har 1957.

Amma Zungeru ba ƙasar Hausa ba ce sosai, don haka in Zariya da Kano kake nufi, to maganar layin Baro ce. An fara shi 1907. Wanda ya tsaya a kansa shi ne gwamnan da ya gaji Lugga, Percy Girouard, injiniyan soja ne ɗan Kanada, kuma dama don dogon aka kawo shi, tunda shi ne ya ja layi cikin hamadar Sudan daga Wadi Halfa a 1897. Baro gari ne a bakin Kwara cikin ƙasar Nupe, wato wannan gulbin namu na Yamai ne can ƙasa. In ruwa ya cika, jiragen ruwa su hawo daga bakin teku ɗauke da ƙarafan dogo da kayan gada da taragu da injunan kansu a kwance, a sauke a Baro a ɗaure su nan. Daga nan layi ya bi Minna, Kaduna, Zariya, ya shiga Kano a watan Maris 1911, mil 356, kusan kilomita 570 ke nan. A 1912 aka buɗe wa jama'a, kuma a shekarar aka haɗe shi da layin Ikko suka zama reluwe guda. Shi na Ikko ya riga shi farawa, ya kai Ibadan tun 1901, amma a Minna ya zo ya tarar da na Baro, kuma ko bayan haɗuwar sai an ɗora taragu bisa jirgin fito a tsallake Kwara a Jebba, sai 1916 aka gama gada. To ka ga wanda ya ce daga Ikko jirgin farko ya taho ya tsallake wani babi.

Manyan injunan da aka fi amfani da su a wannan zamani irin da ake rubutawa 4-8-0 ne, daga masana'antun Ingila da Sukotlan ake yo su, irin North British na Gilasgo, kuma reluwen Najeriya ta riƙa liƙa wa wasu injunanta sunayen sarakuna a jiki. Ma'anar lambobin nan na bar wa masu ƙarfe, akwai waɗanda suka fi ni a zauren nan.

Abu ɗaya da ba na so a manta in ana yabon saurin aikin: hannu ne ya yi shi. Diga da shebur da kwando a ka. Ta hannun sarakuna da hakimai ake tara mutane, a ce kowane gari ya kawo kaza, Nufawa da Gwarawa su suka fi shan wahalar farkon layin, ana biyan su 'yan kuɗi amma ba wanda aka tambaya ko yana so, har da lokacin da gonarsa ke jiransa.

Ba'adaren Tawa:

Kai Mushe, Allah shi ƙara sani, wallahi ban taɓa jin sunan Barijuko ba sai yau. To masu ƙarfe muna jiranku, mi ne ne 4-8-0 ɗin nan? Kuma har yanzu ba a hwaɗa muna abin da shike ci ba.

Tsohon Makanikin Katako:

Salam. Mushe ya jefo mini ƙwallo to bari in taɓa, ni aikina moter ɗin kamiyo ne amma injin tururi na daɗe ina karanta shi don shi ne kakan duk abin da muke kwancewa a garaji.

Lambobin ƙirgen ƙafafu ne. 4-8-0 na nufin ƙananan ƙafafu 4 a gaba, su ba su ja, aikinsu su riƙe hancin injin su shigar da shi kwana, sai manya 8 a tsakiya waɗanda sandunan ƙarfe suka haɗe, su ne masu ja, sai 0 wato babu komai a ƙarƙashin ɗakin direba. Na Wushishi da Mushe ya faɗa 0-6-2 ne, babu na gaba, masu ja 6, ƙanana 2 a baya. Ku lura fa ku masu karanta Faransanci, su Faransawa ba ƙafa suke ƙirgawa ba, gatarin da ke haɗa ƙafa biyu suke ƙirgawa, don haka 4-8-0 a littafinsu 240 ne, 2-8-2 kuma 141. Inji guda ne, kada ku ɗauka iri biyu ne.

To mi ya sa ƙafa 8 masu ja? Saboda dogon da aka shimfiɗa na araha ne. Ƙarfen ba shi da kauri, gadoji ba su da ƙarfi can, a wurare da yawa ƙasa ce kawai aka tattake aka ɗora. In ka kawo inji mai nauyi ka tsayar da shi bisa ƙafa 4 ko 6, kowace ƙafa ta danne ƙarfen fiye da ƙarfinsa, ya lanƙwashe ko ya nutse da damina. In ka raba nauyin nan bisa ƙafa 8 sai ya zama kowace ta ɗauki kaɗan amma jimillar riƙon da suke yi wa dogo na nan, kuma riƙon nan shi ne ƙarfin ja. Ƙafafun kuma ba su da tsawo kamar na jiragen fasinja na Turai, don ba gudu ake nema ba, kaya ake so ya ja ya hau tudu. Wato ba injin ne aka fara zaɓa ba, kuɗin da aka yarda a kashe wa hanya shi ya zaɓi injin.

Yadda yake aiki kuwa, a bayan injin akwai murhu, akwatin ƙarfe ne da ruwa ya kewaye shi ta ko'ina. Wutar na bi ta cikin bututaye masu yawa da suka ratsa doguwar tukunyar nan da kuke gani kwance, ruwan da ke kewaye da su ya tafasa, tururi ya taru a sama ba shi da mafita har ya yi ƙarfi. In direba ya buɗe masa hanya sai ya shiga silinda ya tura fistan gaba, bawul ya juya, ya sake shiga ta ɗaya gefen ya turo shi baya, sandar fistan ta juya ƙafa. Babu giya babu kuloci. Tururin da ya gama aiki ta bututun hayaƙi yake fita, kuma fitarsa ce ke zuƙo iska ta cikin murhun, shi ya sa in injin na shan wuya a hawa wutar ke ƙara ci da kanta, kuma shi ne wannan cuku-cukun da ake ji. Bisa tukunyar akwai wani tulu na yashi, in dogo ya jiƙe ko ganye ya zuba ƙafa na sulɓi sai a sako yashin a gabanta.

Abincinsa kwal ne, ba gawayin itace ba, baƙin dutse ne da ake haƙowa irin wanda ake haƙa a Anu Araren wajen Cirozerin. Da farko daga Birtaniya ake kawo shi cikin jirgin ruwa, in babu a ƙona itace. An gano kwal a Udi kusa da Inugu 1909, aka ja layi daga Fatakwal ya kai Inugu 1916, daga nan reluwen Najeriya ta samu nata na gida. Amma ni a ganina ba kwal ne babbar matsala ba, ruwa ne. Kowane kilo na kwal yana tafasa ruwa kilo 6 zuwa 8, kuma ruwan nan tafiya yake yi a iska ba ya dawowa. Dole kowace 'yar tazara a sami rijiya ko madatsa da famfo da tanki a sama. Sannan ba kowane ruwa ba, in mai kanwa ne ko mai farar ƙasa sai ya daskare a jikin bututayen kamar yadda kuke gani a gindin butar shayi, zafi ya kasa ratsawa, ƙarfe ya ƙone. In kuma fayaman, wato mai zuba kwal, ya yi sake ruwa ya sauka ƙasa da rufin murhu, tukunya na iya fashewa ta kashe su duka. Kai da ke Adar ka san zurfin rijiyoyinku da ɗanɗanon ruwansu, sai ka auna da kanka.

Baba Ɗan Bida:

Assalamu alaikum ɗiyana. Jikana ne ya karanto mini maganarku, ni ka hwaɗi shina rubutawa. Ni na shiga jirgin tururi da ƙahwata. Shekarun hwarin nan na 1973 munka bar gida neman abin da za a ci, daga Tawa zuwa Ƙwanni, munka ƙetara Illela, Sakkwato, sai mota ta kai mu Gusau, can munka ga dogo, don Sakkwato ba ta da shi har gobe. Abin da makaniki ya hwaɗi na ruwa gaskiya ne ƙwarai. Jirgi shi tsaya inda babu gari sosai, sai tanki bisa ƙarahuna da wani babban bututu mai hannun zane, a jawo shi bisa taragon bayan inji a buɗe, ruwa na zuba kamar ba za shi cika ba, mu da munka baro shanu na mutuwa da ƙishirwa muna tsaye muna kallo. Direba shi sauko da butar mai mai dogon baki shina bin sandunan nan ɗaya-ɗaya shina ɗiga musu, shi aza bayan hannu bisa ƙarhe shi ji ko ya yi zahi. Mataimakinshi kuwa, wanda ka zuba kwal, ba ka ganin komi ga huskarshi sai idanu da haƙora, riga ta manne mishi da zuhwa, shebur daga hannu ba ta sauka. Mun ce wanga ko nawa aka biyanshi ya ci halal ɗinshi.

Cikin tarago in kana gehen taga to ka shirya, ɓurɓushin kwal na shigowa ido, wani lokaci da wutarshi, in ya sauka bisa riga sai ka ga ɗan rami. Masu wayo rawani suke ja su ruhe huska. Mun bi Tsahe, Funtuwa, munka sauka Zariya, can na ga manyan injuna jere cikin loko, kowane da allon tagulla ga haƙarƙari, wani ɗan boko da muke tare da shi ya ce sunayen gulabe ne anka rubuta. Lokacin ma masu gazuwal sun yi yawa, su ka jan jirgin Ikko.

Tsohona shi kuma tun gabanin haka da jakkai shike zuwa Ƙaura, shi kai hwatu shi sawo goro da gishiri da tuhwahi. Mutanenmu na Adar da Gobir ba su jira Faransa ba, inda dogo ya tsaya can sunka bi shi.

Mushen Tarihi, Yamai:

Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Masu sunayen gulabe da kuka gani a Zariya su ne ajin da Turawa suka kira River, irin 2-8-2, an fara kawo su 1948 daga masana'antar Vulcan Foundry, suna cikin na ƙarshe-ƙarshen injunan tururi a Najeriya, don daga 1955 masu gazuwal suka fara shigowa. Ƙaurar da tsohonku ke zuwa kuma Ƙauran Namoda ce, dogo ya kai can 1929, na Nguru 1930. Ku duba taswira ku gani, Kano, Ƙaura, Nguru, duk bakunan dogo uku ne da suka fuskanci iyakarmu.

Ɗiyar Maraɗi:

Sannunku da ƙoƙari. Mushe wannan maganar taka ta ƙarshe ita ce nike son a tsaya a kanta, don ni ban yarda a ce jirgin tururi bai shafi Nijar ba wai don bai taka ƙasarmu ba. Ya shafe mu fiye da wasu masu dogon ma.

Kafin 1911 kayan Turai da ke shiga Kano wani kaso nasu ta hamada yake biyowa, daga Tarabulus, Gadamas, Gat, Agadas, Damagaram, sannan Kano, mutanenmu ne masu raƙumma, su ne masu masauki, su ne dillalai, sarakuna na karɓar kuɗin hanya. Da jirgi ya iso sai ya zama kayan da ke cin watanni bisa raƙumi ya zo ta teku zuwa Ikko, cikin 'yan kwanaki ya hau Kano kuma da araha, to wa zai sake biyan ayari? Cinikin hamadan nan dama ya fara rauni, jirgi ya ƙarasa shi, sai ayarin gishirin Bilma ne ya saura. Ingilishi auduga suka sa rai za su kwasa da layin, amma manoman Kano suka ga gujiya ta fi kuɗi suka koma mata tun 1912, 'yan kasuwa irin su Alhassan Ɗantata suka tashi a kanta. Raƙumman da da ke zuwa Tarabulus suka koma dakon buhunan gujiya zuwa tasha. Kuma ku tuna shekara biyu kacal bayan isowar jirgin aka yi yunwar Kakalaba, 1913 zuwa 1914.

Mu nan Maraɗi kakata ta sha ba mu labarin lokacin kaka, yadda ake ɓarzar gujiya da dare a tsakar gida, mata da yara kowa da tasa ƙwarya, da safe a kai sikeli bakin kanti, buhu ya hau mota ya yi kudu. Gujiyar Maraɗi da ta Damagaram ta Kano take bi ta hau jirgin Ingilishi ta sauka Ikko, alhali ƙasar ta Faransa ce. Sai a shekarun 1950 Faransa ta ƙirƙiro tsarin da ta kira Hirondelle, kamiyo ya kwashi gujiya ya yi yamma zuwa Doso da Gaya ya kai Paraku a ɗora wa jirgi zuwa Kwatano, ya dawo da kayan kanti, aka yi gadar Gaya da Malanbil 1958. Hanya ce mai nisa fiye da ta Kano, sai da tallafi take tsayuwa. Ni shi ya sa nike ganin amsar tambayar ɗan'uwanmu na Tawa a fili take: Faransa ta ga kayanmu na fita ko babu dogo, to don mi za ta kashe kuɗinta?

Mushen Tarihi, Yamai:

Hajiya kin faɗi rabin amsar, bari in ƙara sauran. Ba wai ba su yi mafarkin dogo ba ne, sun yi har ya yi yawa. Tun 1880 suka tura Kanar Flatters ya auna hanyar da za ta ratsa Sahara daga Aljeriya, Buzayen Ahaggar suka hallaka tawagar a 1881. A 1941 gwamnatin Vichy, wato ta Faransa lokacin yaƙin duniya na biyu, ta sake tayar da maganar da sunan layin Bahar Rum zuwa Neja, da aikin tilas na fursunoni, bai wuce yankin Bashar na Aljeriya ba sai kaɗan. Daga teku kuma layuka huɗu suka nufo gulbin nan: na Dakar ya kai Bamako da Kulikoro, na Konakiri ya kai Kurusa 1910 da Kankan 1914, na Abijan da aka fara 1904 sai 1934 ya kai Bobo, Wagadugu sai 1954, sai na Dahome, wato Bini ta yanzu, wanda shi ne namu da an ƙarasa, an fara shi 1900, ya yi ta jan ƙafa har ya kai Paraku 1936, kilomita 438 daga Kwatano, ya tsaya nan. Daga Paraku zuwa Yamai saura fiye da kilomita 600. A 1959 aka kafa hukumar jirgin haɗin gwiwar Dahome da Nijar, OCDN, wadda ta koma OCBN, Nijar na da hannu a jirgin da bai taɓa shigowa ƙasarta ba.

Dalilin kuɗi ne da farko. Dokar Faransa ta 1900 ta ce kowace ƙasar mallaka ta ɗauki nauyin kanta, mu kuwa yankin soja ne shekara da shekaru, sai 1922 aka mayar da mu cikakkiyar ƙasar mallaka, harajin kai da na dabbobi ne kuɗin shigarmu, babu koko babu kofi babu tashar teku. Sai yanayin iyaka. Yarjejeniyar 1898 ta zana da'ira mai mil 100 kewaye da Sakkwato ta ba Ingila, har ya zama sojan Faransa in zai je Damagaram daga gulbi sai ya zagayo ta Filinge da Tawa inda rijiyoyi ke nesa da juna, sai da aka gyara iyakar a 1904 da 1906 suka samu hanyar Ƙwanni da Maraɗi. Wanda ke wahalar shayar da raƙumma a hanya ina zai shayar da injin da makaniki ya kwatanta?

Kuma in faɗi abin da ke raina, ina baƙin cikin rashin dogon, amma in na karanta yadda aka yi na wasu sai jikina ya yi sanyi. Layin Kongo zuwa teku, 1921 zuwa 1934, mutanen da suka mutu a kansa ba su gaza 17,000 ba, da yawansu daga kudancin Cadi aka kwaso su. Na Abijan Mosawa aka riƙa kwasa. Aikin tilas sai 1946 aka hana shi.

Ɗiyar Maraɗi:

Mushe a nan kam ban bi ka ba. Aikin tilas ai mu ma mun yi shi, kakanninmu sun fasa dutse sun yi hanyoyin mota, sun ɗauki kayan kumandan a ka, sun gina bariki, wasu gudunsa ne ya kai su Najeriya ba su dawo ba. Wahalar mun sha, dogon ne ba mu samu ba.

Mushen Tarihi, Yamai:

Wannan gaskiya ne Hajiya, ban musa ba.

Ba'adaren Tawa:

Na gode muku dut, Baba Allah shi ja kwana. Saura abu biyu ga makaniki. Na ga hoton wani inji mai kama da an haɗa biyu baya da baya, tukunya rataye ga tsakiya, shi kuma mi ne ne? Sannan dogon da anka aza Yamai zuwa Doso, in na Maraɗi ya ƙare ana iya haɗa su jirgi guda shi bi?

Tsohon Makanikin Katako:

Wanda ka gani Garratt ne, sunan mai ƙirƙirarsa ne, Herbert Garratt, kuma abin sha'awa ya taɓa aiki a reluwen Ikko a farkon shekarun 1900 kafin ya yi rajistar dabarar a 1907, kamfanin Beyer Peacock na Mancesta ya ƙera na farko 1909 aka kai tsibirin Tasmaniya na Ostareliya. Matsalar da na faɗa ɗazu ce ya warware. Kaya sun ƙaru, ana son inji mai ƙarfi ninki biyu, amma canza ƙarfen dogo da gadoji tsada ne. Sai ya yi injin ja biyu, ɗaya a gaba ɗauke da tankin ruwa, ɗaya a baya ɗauke da kwal da ƙarin ruwa, ya rataya tukunya guda babba a tsakaninsu bisa maƙalai masu juyawa. Nauyi ya bazu bisa ƙafafu masu yawa, yana lanƙwasa a kwana, tukunyar ta samu wurin yin ƙiba tunda babu ƙafa a ƙarƙashinta, kuma direba ɗaya da fayaman ɗaya sun isa maimakon a haɗa inji biyu da ma'aikata huɗu. Aibinsa, ruwa da kwal ɗin da ke danne ƙafafun suna raguwa a tafiya, riƙonsa na raguwa da su, kuma bututayen tururi masu gaɓa suna son kulawa. Najeriya ta sayi irinsu daga 1930, sannan wasu fiye da 20 masu ƙirar 4-6-2+2-6-4 tsakanin 1935 da 1943. Layin Abijan shi ma ya yi aiki da Garratt a ƙarshen shekarun 1930.

Tambayarka ta biyu, a yadda suke yanzu ba su haɗuwa. Faransa mita 1 cif ta yi dogayenta na Afirka ta Yamma, Ingila a Najeriya ta yi milimita 1,067, bambancin 67 ne kawai amma ya isa ya hana taragon wannan hawa layin wancan. Na Yamai zuwa Doso, kusan kilomita 140 da aka ƙaddamar 2016, mita 1 aka yi shi don ya dace da na Paraku, kuma bai fara jigila ba. Na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a Fabrairu 2021, kilomita 284 ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya, shi milimita 1,435 ne. In ana son jirgi guda ya tashi Maraɗi ya bi Ƙwanni da Dogon Dutsi ya shiga Yamai, sai an sake shimfiɗa na Doso da faɗin 1,435, ko a ƙara ƙarfe na uku a layin, ko kuma a yi tashar da za a riƙa sauke kaya daga wannan tarago ana loda wa wancan.